Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Sojan Kifi

Makon jiya na tsaya a inda sunana ya fito cikin waɗanda aka ɗauka aikin sojan ruwa a 1979. Abin da ban faɗa ba shi ne, Kawu na Gangare bai sa mini albarka ba. Da Inna ta aike ni in gaya masa, ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kai yaro, ruwa ba sa'an kwando ba ne." Ya ci gaba da jan carbinsa. Ban ga laifinsa a ranar ba, domin mu 'yan Jos ruwan da muka sani shi ne kududdufan da haƙar kuza ta bari, kuma ba shekarar da ba su cin yaro. Inna ko kusa da su ba ta bari mu je.

Laifinsa da na gani daga baya ne. Yaya ɗan Goggo ya shiga sojan ƙasa, aka kawo shi barikin Rukuba, kullum Juma'a yana gida da kakinsa. Ni sai hutu ya zo in hawo jirgin ƙasa daga Legas. In an zauna a zaure ana hirar yaƙi, Yaya ake tambaya. Ni kuwa Kawu ya juyo ya ce, "Sojan kifi, nawa kifi a Ikko?" A bushe da dariya. Har 'ya'yan da aka haifa ina bakin aiki sun tashi da sunan nan a bakinsu.

Alhali Kawun nan duk ƙuruciyarsa a haƙar kuza ya yi ta. Kuzar da suka wanke a Bukuru, jirgin ƙasa ke kwasarta zuwa Fatakwal, a zuba ta a jirgin ruwa sai Ingila. Kuɗin da ya yi aure da su, da wanda ya gina soron da yake zama yana mini ba'a, ta teku suka biyo. Gyaɗar Kano ma haka, ta Apapa ta fita. Ba a taɓa zaunar da shi an gaya masa ba, ni kuma ba ni da bakin gaya wa ƙanin mahaifiyata.

Manyanmu da suka yi yaƙin basasa su suka fahimtar da ni aikin da na shiga. A makaranta an koya mana Gowon da Murtala da Adekunle, ba wanda ya ambaci Joseph Wey, shugaban sojan ruwa na lokacin. Amma tun farkon yaƙin a 1967 jiragensa suka toshe gaɓar gabas. A watan Yuli suka sauke sojojin Adekunle a Bonny, inda ake lodin ɗanyen mai, a watan Oktoba suka sauke su a Kalaba. Da Fatakwal ta faɗi a watan Mayun 1968, Biyafara ba ta da sauran hanya sai ta sama, musamman filin jirgin Uli da ake sauka cikin dare. Wani tsohon mai kula da inji wanda ya raine ni a aiki ya kan ce, nasarar sojan ruwa ba ta da ƙara, jirgin da bai iso ba ne kawai. Shi ma dai ba ya son a ja hirar, domin toshewar nan ba bindiga kaɗai ta hana shiga ba, har da abinci, kuma yara ne suka fi biya. Allah Ya kiyaye mu da sake gani.

Kwanaki a nan Abuja, a majalisar da muke zama bayan la'asar a Kubwa, wani matashi mai digiri ya tayar da maganar sansanin sojan ruwa da aka ce za a kai Kano a 2021. Yana ta dariya, wai ina tekun yake. Wallahi muryar Kawu na ji. Ruwa ba sa'an kwando ba. Na ce masa, ɗana, Tafkin Chadi fa? Da me za ka bi mutum cikin tsibiran da ke bayan Baga, da tankar yaƙi? Kogin Kwara da Binuwai fa? Ƙasar da ke da gaɓar teku kilomita 853, wadda man da take sayarwa ta ruwa yake fita, alkama da magani da taki ta ruwa suke shigowa, a ce ɗan Arewa ba ruwansa da sojan ruwa? Bai amsa ba, ya koma danna waya.

Na kauce. Shekarun da na fi alfahari da su su ne bayan da Aradu ya fara aiki a 1982, babban jirgin yaƙin da aka ƙera mana a Hamburg ta Jamus. Duk yammacin Afirka ba mai irinsa. In ya fito daga Apapa, masu kwalekwale tsayawa suke yi su kalla. Sai dai jirgin yaƙi doki ne, sayensa bai kai harawa da dusa wuya ba. Da kuɗin mai ya karye, kayan gyara suka yanke. Da hannuna na kwance famfo daga wannan jirgi na ɗaura wa wancan don ɗaya ya samu ya fita. Masu raba kuɗi, in aka kai musu lissafi, tambayar Kawu suke yi da turanci. Har yau in na ji an sayo sabon jirgi ana yanka ƙyalle, abin da nake so in ji shi ne nawa aka ware na gyaransa.

Sai 1990. Da aka kafa ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta ƙasashen yammacin Afirka da aka tura Laberiya, filin jirgin ƙasar na Robertsfield ba ya hannun da za a sauka, saboda haka daga Firitawun ta Saliyo aka loda sojoji a jiragen ruwa, ciki har da namu na dakon sojoji, Ambe. Ranar 24 ga Agusta aka shiga tashar Monrobiya mutanen madugun 'yan tawaye Charles Taylor na harbi. Ina can ƙasa wajen injin, zafi kamar me, ba na ganin komai sai dai in ji dirin. Bayan an kama shugaban Laberiya Samuel Doe a tashar nan a watan Satumba aka turo Janar Joshua Dogonyaro, ɗan Filato, ya karɓi ragama. Harsashin da sojojinsa suka harba da shinkafar da suka ci, da mu aka yi dakonsu. Da muka komo da 'yan Najeriya da suka maƙale, mata da yara kwance har kan matakala, wata tsohuwa Bahausa ta riƙe hannuna tana ta sa albarka, har na rasa inda zan sa kaina.

Yaya bai je Laberiya ba. Ban faɗa don wani abu ba, haka Allah Ya tsara, amma a rubuta.

Ina can maiɗakina ta haihu. Kawu ne ya yi wa jaririn huɗuba, ya sa masa sunan da ya ga dama, ba wanda na bari a wasiƙa ba. Rigimar da ta biyo baya tsakaninsa da Inna, wadda ta sa Goggo ta yi shekaru ba ta taka gidanmu ba, ita za mu ɗauka mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.