Daren Ɗibar Jinin Tarwada

Laraba

Ban runtsa ba sai bayan sallar asuba, domin ni aka ɗora wa ɗibar jinin tarwada a ɗakin gwaje-gwajenmu tun ƙarfe 12 na dare. Mun toshe tagogi da baƙar leda, muka kunna jar fitila mai rauni ƙwarai, har sai da na laluba da hannu kafin na kama kifin farko, yana zillewa, gashin bakinsa yana shafar yatsuna.

Sinadarin melatonin muke aunawa, wanda Aaron Lerner ya gano a 1958 a wani ɗan ƙullutu da ke cikin ƙwaƙwalwar shanu. Jikin kifi yana fara haɗa shi daga triftofan, wani sinadari da ke cikin abinci, ya mai da shi wani sinadarin mai suna serotonin, sannan ƙwayoyin gado biyu su ƙarasa aikin, wato aanat da asmt. Ta farkon ce ta fi ɗaukar hankalina, domin ita ce ke farkawa idan duhu ya yi, ta lafa da zarar haske ya bayyana. Mutum guda ɗaya yake da ita, amma kifaye da yawa suna da biyu ko uku, saboda kakanninsu sun ninka dukan ƙwayoyin gadonsu fiye da shekaru miliyan 300 da suka wuce: aanat1 ta fi aiki a ido, aanat2 kuwa a wancan ƙullutun.

Mutane sun ɗauka melatonin maganin barci ne kawai, kuma gaskiya ne cewa a 2015 masu bincike a Amurka sun lalata aanat2 a jikin wani ƙaramin kifi mai zane na kogunan Indiya da ake kira zebrafish, barcinsa na dare ya ragu sosai. Amma tarwada da dare take kiwo, alhali a lokacin ne sinadarin yake hauhawa a jininta. Shi ya sa nake ganin cewa melatonin labarin duhu yake kai wa jiki, kowace halitta kuma ta yi abin da ta saba.

Wajen ƙarfe 2 wani ƙaninmu a sashe ya shigo da fitilar waya a kunne, ya haska tanki na biyu. Raina ya ɓaci matuƙa, domin kifaye goma ke nan ba za a amince da jininsu ba. Da safe na shaida wa Malam, ya ce, "Ki bar su su huta mako guda, sannan a sake."

Na rubuta takarda da manyan baƙaƙe na manna a ƙofa.