Laraba, ranar da na gane kan bakin kabayid mai kwarmi

Sanyin yau ya fi na jiya. Sai da hantsi ya ɗaga na iya buɗe rumfa, na zuba wa janareto lita 2, na ɗaura guntun maɗacin nan da iskar damina ta karyo a gonar Kawu a kan injin da ke juya itace ina fafe shi. Akusa 6 aka ba ni aiki, na kayan ɗakin amarya, kuma na yi alkawarin kai su Wudil ran Juma'a tunda ranar kasuwa ce.

Makonni 3 ke nan da Yaya ya aiko min da wani ƙarfen fafe akushi daga Legas, ina juya shi a hannu ina mayarwa cikin leda. Sanda ce ta ƙarfe mai mariƙin katako, a ƙarshenta an ɗaure wani ɗan baki zagayayye da sukur, faɗinsa milimita 8, bai kai ƙwayar gyaɗa ba. Da na ce wa maƙwabcina kabayid ne, ya ɗauka irin wanda masu walda ke jiƙawa ko wanda ake nuna ayaba da shi. Ba shi ba ne. Wannan garin wani ƙarfe ne mai suna tangistin da aka gasa aka dunƙule, ya fi ƙarfen maƙera tauri nesa ba kusa ba. Ina da irinsa mai shafaffen kai tun bara, amma shi kankara kawai yake yi, ya cika maka hanci da ƙura, ya bar cikin akushi da gashi-gashi, ka wuni kana goga samfefa. Sabon nan tsakiyarsa a lotse take kamar ɗan faranti, gefen ya tashi da kaifi, don haka yanka yake yi.

Na fara kamar yadda na saba da tsohon, na kwantar da shi kwarmin na kallon sama, na tura. Ban ankara ba sai ji na yi kau! Mariƙin ya fizge hannuna, akushin ya karkace a kan inji, ga wani zurfin rauni a cikinsa kamar an sa gatari. Na kashe inji gabana yana faɗuwa. Allah ya kiyaye, da ya ƙwace, fuskata zai nufa.

Baba yana zaune bakin zaure yana shan hantsi, ya taso da sandarsa. Shekararsa 40 da wani abu yana fafe turmi da akushi da gizago kafin idonsa ya yi rauni. Ya shafa raunin da yatsa, ya karɓi ƙarfen ya shafa bakin.

“Kai ma dai, wa ya taɓa ba itace baki gaba ɗaya? Gicciye ake shigarsa.”

Na ce, “Baba, ku gafarce ni, wannan ba gizago ba ne.”

Ya ce, “Maɗacin dai shi ne.”

Na sake ɗaure itacen, na matso da ƙarfen da ake ɗora kayan aiki har ya kusa taɓa bakin akushin, na rage gudu. Sai na murɗa sandar wajen digiri 45, kwarmin na kallon inda zan nufa, daga baki zuwa gindi, na bar bayan bakin ya kwanta a jikin itacen kafin kaifin ya kama. Wallahi ƙarar ma ta canza. Gurnanin nan ya tafi, sai wani siririn shuu, ga jan ɓawo yana fitowa a nannaɗe kamar taliyar murji yana zubo min a kan hannu. Ɗan wuri kaɗan ne na kaifin yake taɓa itacen, shi ya sa ba ya cafka. In na ƙara buɗe fuskar sai ya ci da yawa ya fara neman fizga, in na rufe sai ya yi ta shafa a hankali. Na fi awa guda ina buɗewa ina rufewa har hannuna ya riƙe wurin.

Inda ya fi burge ni shi ne kwanar da bango ke haɗuwa da gindi. Jijiyar maɗaci a sarƙe take, nan ne kullum take tsagewa. Yau na sa yatsa na zaga, sumul, har da ɗan sheƙi. Samfefa mai lamba 180 kawai na taɓa masa. Aibinsa ɗaya da na gani, inda itacen ke da sauran danshi kwarmin yana cushewa, sai na tsaya na zungure da tsinke.

Bayan azahar Baba ya tambaye ni da wane dutse ake wasa shi. Na gaya masa dutsenmu ba ya cinsa. In gefe ya dakushe, sassauta sukur ake yi a juya zuwa sabon gefe, in ya zagayo a sayi wani. Kuma duk taurinsa, in ya faɗi a siminti ko ya ci karo da ƙusa a cikin itace, ɓantarewa yake yi. Baba ya yi shiru, can ya ce gizagonsa maƙerin garin nan ne ya ƙera, shi ke gyara shi. Maganar ta tsaya min a rai, domin baki ɗaya tak gare ni, kuma ban taɓa ganin irinsa a shagunan da nake zuwa a Kano ba. Na ɗiga jan fenti a gefen da na fara ci don in san inda na tsaya.

Kafin magariba na gama akusa 2, har da mai raunin, sai dai ya ɗan fi ɗan'uwansa sirantar baki. Inna ta ɗauke shi ta juya ta ce a bar mata shi in amarya ba ta so. Na kira Yaya na ce ya nemo min baki 2 da sukur na ajiya. Saura 4, ga fetur ya kusa ƙarewa, gobe da sassafe zan aiki yaro Gaya da galan.