Ba bindiga ce ta firgita min doki ba, laima ce

Duk wanda zai fitar da sabon doki hawan Sallah a Kano, ƙarar bindiga yake fara tunawa, ni ma haka. Dokin bikili ne, bai daɗe da fita daga ɗukushi ba, tun kafin azumi nake kai shi kilisa inda ake kiɗa da busa, ya ji algaita ya ji kakaki, har 'yan bindiga na roƙa suna bugawa daga nesa muna matsowa a hankali. Wannan duk ya tafi lafiya lau, ba sai na ɓata muku lokaci a kai ba.

Ranar hawan Daushe muna cikin tawagar hakiminmu, mun doshi Ƙofar Kudu, sai wata baiwar Allah a bakin hanya ta buɗe laima fat! ta hagunsa, can wajen cinya. Ya zabura gefe, kuma ni ban ga laifinsa ba, don doki idonsa a gefen kai yake, yana ganin kusan duk abin da ke kewaye da shi in ban da daidai goshinsa da daidai wutsiyarsa, kuma motsi yake fara gani kafin ya gane mene ne. Dabba ce da Allah ya yi ta ana farautarta a daji, sai ta gudu tukuna sannan ta waiwaya. To ya yi zaburarsa ya tsaya, kunnuwa duka biyun sun miƙe wajen laimar, yana huci, ina jin bugun zuciyarsa a ƙafata, na sassauta linzami ina shafa wuyansa. Wallahi da an bar shi da ya wuce. Sai kawai wani yaro cikin zagage ya zo da gudu ya tsula masa bulala a fuska, wai yana taimakona.

A daidai lokacin da ya tsaya fa! Wannan shi ne abin da har yau yake ci min rai. Ba lokacin da ya zabura aka doke shi ba, lokacin da ya yi abin da ake so. Ya miƙe tsaye da ƙafa biyu, ya ja da baya, ƙafar baya ta faɗa kwata ta yanke. Hawan Nasarawa a gida muka yi shi, ga kuɗin likitan dabbobi, ga wankin ciwo safe da yamma, amma duk wannan mai sauƙi ne, ƙafa ta warke. Abin da bai warke ba shi ne kansa. Ko malafa mutum ya ɗaga a gabansa sai ya nemi tsinke turke, sa masa ragama ma ya zama aiki, dokin da a da da kansa yake sunkuyo min da kai.

Wani dattijo da ya tsufa a barga na je na ɗauko. Na ce Baba, ko dai sayar da shi zan yi? Ya ce ɗana, dokinka ba mugu ba ne, an koya masa karatu ne kuma ya riƙe. Ya ce doki ba ya gane abin da ka yi masa don abin da ya yi ɗazu, abin da yake yi a wannan daƙiƙar kawai yake haɗawa da shi, kuma ba daga matsi yake koyo ba, daga lokacin da ka sake shi yake koyo. In ka ja linzami ya tsaya ka sassauta nan take, ya gane. In ya tsaya ka ci gaba da ja, ka koya masa cewa tsayuwa ba ta da amfani.

Yadda Baba ya yi aikin ya ba ni mamaki don kamar ba ya yin komai. Laima a rufe ya ajiye nesa da inda ake zuba masa harawa, ya kyale ta nan. Da doki ya daina kallonta sai ya ɗauka ya riƙa tafiya da ita yana ba shi baya, mu kuma muna biye da shi da igiya, wai abin da yake gudunka ba ya ba ka tsoro, kuma haka ne, da kansa ya fara miƙa hanci yana shinshinawa. Sannan aka zo buɗewa. Zai buɗe kaɗan daga nesa, in doki yana rawar ƙafa ba zai rufe ba kuma ba zai matso ba, yana nan tsaye, amma da zarar ƙafafu huɗun nan sun tsaya ƙyam sai ya rufe ya juya ya tafi. Ladan tsayuwa kenan, laima ta tafi. In ya ga ya sauke kai yana lasar baki sai ya ce a mayar da shi ya huta, ko da ni ina ganin yanzu aka fara.

Wani abin kuma, da ya saba ta dama sai na ɗauka an gama, ashe ta hagu inda abin ya same shi sabon aiki ne, ya ma fi na farko daɗewa nesa ba kusa ba. Don haka duk abin da za ku saba wa doki da shi, ku yi ta kowane gefe, ku yi daga sama, ku yi daga baya, kuma kar ku tsaya a kan ƙara kaɗai. Laima, leda mai tashi, babbar riga da iska ke kaɗawa, yara masu ɗaga waya, duk suna bakin hanya ranar hawa.

Alhamdulillahi yanzu ana buɗe laima ina kansa ko kunne ba ya kaɗawa, sai dai har yau in baƙo ya kawo hannu fuskarsa da sauri sai ya ɗaga kai. Zagage kuwa, duk wanda zai bi dokina sai ya ajiye bulala a gida, wanda ba zai iya ba ya bi wani.