Baki ya mutu a kampus, to wa ya kashe shi?

Duk 9 ga Fabrairu sai an tuna da ɗalibai 3 da anka harbe a gadar Kennedy ta Yamai a 1990, zamanin shugaba Ali Saibou, a yi jawabai, a ce jininsu ne ya buɗe hanyar babban taron ƙasa na 1991. Kuma gaskiya ne. Ɗaliban da sunka taso daga Harobanda, unguwar jami'a, ran nan za su ƙetare gada, su sunka sa mutanen Yamai sunka fara magana da ƙarfi.

Amma yau ka shiga jami'ar Abdou Moumouni ka ga yadda ake hira. Ana zancen bursu da abincin resto, da an taɓo siyasa sai kowa ya duba waya ko ya ce shi zai tai salla. Ban ga laifinsu ba fa, tunda a Yunin 2024 an maido da hukuncin kaso cikin dokar laifukan intanet ta 2019, kuma abin da aka kira "tada hankalin jama'a" ba wanda zai ce maka ga iyakarshi, saƙo guda a gurup ɗin WhatsApp na aji wani ya ɗauki hotonshi ya tura gaba, shi kenan ka kwana da fargaba. Kafin nan ma, a Afrilun 2017 an rasa ɗalibi Mallah Bagalé ranar zanga-zanga, aka rufe kampus.

Sai dai abin da kamarad ba su son ji shi ne, ba gwamnati kaɗai ke toshe baki ba. A babban taron ɗalibai ka tashi ka ce kai ba ka yarda da yajin karatu ba mu gani, kafin ka kai aya an bi ka da ihu, an ce an saye ka. Yarinya kuwa in ta ɗauki mikoro sai a bar maganarta a koma kan shigarta. Ko a 2018 malaman SNECS, ƙungiyar malaman jami'a, sun yi yajin aiki bayan wasu ɗalibai sun taɓa wani malami, suna neman a rushe CASO, wato 'yan tsaron ɗaliban da kansu.

Wallahi wannan ya fi damuna. USN, ƙungiyar ɗaliban Nijar, tana da tarihin da ba mai ƙwace mata, to amma in ƙungiyar da ta zubar da jini don a bar mutane su yi magana ba ta iya jure ɗan shekara ta ɗaya mai ra'ayi daban minti 5, da wane baki za ta ce ma hukuma ta saurare ta?