Ɗaya cikin ɗari da saba'in

Akwai wani saƙon murya da na tura rukunin danginmu na WhatsApp ranar 16 ga Mayun 2020, muna da azumi ashirin da uku a baki, wanda har yau idan na tuna shi sai in ji kunya ta rufe ni. Bai kai minti uku ba. A ranar ma'aikatar lafiya ta Saudiyya ta sanar cewa jimillar waɗanda suka kamu da korona ta kai 52,016, waɗanda suka rasu kuma 302. Bayan an sha ruwa na ɗauki waya na raba ƙaramar lambar da babbar, na ga abin ya tashi kusan mutum ɗaya cikin ɗari da saba'in. Sai na gyara murya irin ta masana, na ce wa iyaye da 'yan'uwa su kwantar da hankalinsu, cutar nan ba ta kai yadda ake zuzuta ta ba, ga lissafi nan ƙiri-ƙiri. Kafin sahur saƙon ya bar Makka, ya isa Jidda, har wani ɗan'uwanmu a Fagge ya turo min shi yana tambaya ko na san mai maganar.

Ni ba likita ba ne. Akawu ne a wani asibiti mai zaman kansa a nan Makka, aikina shigar da bayanan marasa lafiya cikin kwamfuta. To amma a unguwa irin tamu, duk wanda ya rataya katin asibiti a wuya ya zama dakta. Ga shi kuma lokacin ni kaɗai ke fita a gidanmu. Tun 30 ga Maris aka killace Hosh Bakar da Nakkasa da Misfala da Ajyad da wasu unguwanni, daga 2 ga Afrilu kuma aka sa dokar hana fita ba dare ba rana a Makka da Madina gaba ɗaya. Ina da takardar izinin wucewa saboda aiki, don haka duk labarin da na shigo da shi gida kamar daga sama ya sauko. Na sayi wani littafi mai layi-layi, kullum idan kakakin ma'aikatar, Dakta Muhammad al-Abdul'ali, ya gama karanta alƙaluman ranar a talabijin sai in kwafe: sababbin kamuwa, waɗanda suka warke, waɗanda suka rasu, da rabon kowane gari. Ina ganin wanda ya rubuta lamba kullum ai ya san ta.

Shugabar sashenmu wata likita ce 'yar Sudan, mace mai ƙarancin magana, muna ce mata Daktora. Da alfahari na kunna mata saƙon washegari, ina fassara mata da Larabci. Ta bari na gama tsaf, sannan ta ce, "Ya waladi, waɗannan ɗari ukun da suka rasu, yaushe suka kamu?" Na ce ai an faɗi lambar jiya. Ta ce ba ranar da aka faɗa take tambaya ba. Ta jawo wata takarda ta ja dogon layi, ta dinga ɗiga alama a kansa: nan mutum ya kamu, bayan kwana biyar ko makamancin haka zazzaɓi ya fara, ya yi ta shan Panadol a gida, sai a mako na biyu numfashi ya fara gagara a kai shi asibiti, daga nan wani ya yi mako ɗaya ko biyu a kan na'urar numfashi kafin rai ya yi halinsa, sannan takardar rasuwar ta bi ofis-ofis kafin ta shiga lissafin da ake karantawa a talabijin. Daga ɗigon farko zuwa na ƙarshe, mako uku ne, wani lokaci huɗu har fiye. Dubban da aka ƙara a makon nan kuwa, in akwai mai ƙarar kwana a cikinsu, yanzu haka yana zaune yana shan kunu.

Da na koma gida na faɗa wa mahaifiyata, ita ta fi Daktora iya bayanin. Ta ce, "Wato ka ƙirga auren da aka ɗaura yau, ka ƙirga jariran da aka haifa yau, ka ce matan bana ba sa haihuwa." Na yi dariya, amma ba ta kai ciki ba.

Abin da ya biyo baya yana cikin littafina, shafi bayan shafi. An yi kulle na kwana biyar a duk ƙasar lokacin ƙaramar salla, daga 23 zuwa 27 ga Mayu, daga nan aka fara sassautawa. Kafin a je ko'ina sai da aka sake ƙuntata Jidda ranar 6 ga Yuni, aka rufe masallatanta karo na biyu. Ranar 7 ga Yuni jimillar ƙasar ta haura 100,000. Ranar 17 ga Yuni aka sanar da mutum 4,919 a yini guda, adadi mafi yawa a wannan shekarar, amma waɗanda suka rasu a ranar ba su kai hamsin ba. Mace-macen ba su kai ƙololuwarsu ba sai a farkon Yuli, lokacin da suka doshi sittin a rana, alhali sababbin kamuwa sun riga sun fara sauka, an ɗage dokar hana fita tun 21 ga Yuni, mutane suna ta cewa abin ya wuce. Layin da Daktora ta ja min a takarda shi ne na gani a ƙasa baki ɗaya. Shekarar ta ƙare da mutum kimanin 362,000 da suka kamu, da kimanin 6,200 da suka rasu. In ka yi irin rabon da na yi a watan azumi, ɗaya cikin hamsin da takwas ke nan. Ninki uku na abin da na faɗa wa dangi.

Jinkirin mutuwa rabin kuskuren ne. Ɗaya rabin na gano shi da kaina, ina kallon shekarun haihuwar da nake bugawa kullum. A tsakiyar Afrilu ma'aikatar ta fara bin unguwanni masu cunkoso da gidajen kwanan leburori tana gwada mutane tun ba su kawo kansu ba. Waɗanda aka fi samu a wannan zagayen samari ne majiya ƙarfi, 'yan ci-rani masu aikin gini da shara da dako, da yawansu ko tari ba sa yi. Idan ka cika lissafinka da 'yan shekara talatin, dole kason mutuwa ya yi ƙasa. Ni kuwa na ɗauki wannan kason na miƙa wa rukunin da ke da tsofaffi masu ciwon suga da hawan jini, irin su Kawu, yayan mahaifiyata, wanda ya haura saba'in kuma ba ya jin kira idan aka zo maganar sallar jam'i. Lambar gaskiya ce, sai dai ba tasa ba ce. Korona ta fi kisa nesa ba kusa ba ga wanda ya manyanta, kuma da ta bar ɗakunan leburori ta shiga gidajen iyali, can ta iske su.

Sai kuma waɗanda ba su taɓa shiga kowane lissafi ba, kuma nan ne abin ya fi ci min rai, don mutanenmu ne. Duk wanda ya zauna wajen Shara Mansur ya san akwai gidajen da kaka da uwa da jika aka haife su a nan, amma iƙama, wato takardar izinin zama, ta mutu ko ba a taɓa yin ta ba, kalmar tarhil kuma, wato kora daga ƙasar, ta fi kowace cuta ban tsoro. Ranar 30 ga Maris Sarki Salman ya ba da umarnin a yi wa kowa maganin korona kyauta, ɗan ƙasa da baƙo har da wanda takardunsa ba su cika ba, kuma ba za a hukunta shi ba. Umarni ne mai kyau, na ga waɗanda ya cece su. Amma tsoron shekara arba'in ba ya fita da sanarwa guda. Wata dattijuwa maƙwabciyarmu ta kwana biyar tana zazzaɓi, ɗakin ya turnuƙe da ƙamshin citta da kanumfari da habbatus sauda, na tsaya daga bakin ƙofa da takunkumi ina roƙon ta bari in kira 937, lambar wayar ma'aikatar lafiya. Ta ɗago kai da ƙyar ta ce, "Ɗan nan, kai ke rubuta sunaye a can. In ka rubuta nawa, ina takardar take kwana?" Na karanta mata umarnin daga wayata, na sake karantawa. Ta ce Allah Ya yi min albarka, in ja mata ƙofar. Ta tashi daga baya, Allah Ya yi da sauran kwana. A jadawalin ƙasa ba ta kamu ba, ba ta warke ba.

A daidai wannan lokacin wayoyin Kano suka yi yawa, yau a ce wane ya rasu, gobe a ce wane, duk manya. Masu haƙar kabari ne suka fara cewa abin ya wuce misali, tun alƙaluman gwamnati na nuna 'yan tsiraru. Sai a watan Yuni ministan lafiya na Najeriya, Osagie Ehanire, ya ce binciken da aka yi ta hanyar tambayar iyalan mamatan ya gano mace-mace 979, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari ana danganta su da korona. Mai shebur ya riga mai kwamfuta sani da makonni. A Mayun 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi wa duniya duka irin wannan lissafin, ta kwatanta yawan waɗanda suka mutu a 2020 da 2021 da yawan da aka saba gani a shekarun lafiya, ta samu rarar mutum kusan miliyan 14.9, alhali abin da ƙasashe suka kai rahoto miliyan 5.4 ne.

Aikin teburin kansa ma ba tsaf yake ba, kuma ni shaida ne a kan hannuna. Mutum ɗaya ya zo yau a rubuta Abubakar, ya dawo jibi a rubuta Bukar, in babu lambar iƙama da za ta haɗa su sun zama marasa lafiya biyu. Na taɓa samun fom da aka rubuta 5/10 babu shekara, na buga shi a 5 ga Oktoba, watan da bai ma kama ba, ashe 5 ga Shawwal ake nufi, wato 28 ga Mayu. Layin ya sulale can ƙasan jadawalin Excel, bai shiga ƙidayar makon ba, sai da Daktora ta ga jimilla ba ta daidaita da takardun ɗakin gwaji ba muka kwashe awa biyu muna neman mutum guda. Ranar ce ta ba ni labarin abin da ya faru tana aiki a Jidda lokacin cutar MERS ta raƙuma: a farkon Yunin 2014 da ma'aikatar ta sake bin tsofaffin takardu, sai ta sanar da ƙarin mutum 113 da ba a ƙirga ba a baya, mamata suka tashi daga 190 zuwa 282 a sanarwa ɗaya. Wanda ya kalli zanen alƙaluman kawai zai rantse annoba ta ɓarke a ranar, alhali tsohon bashi aka biya. Daga nan na ƙara wa littafina layi biyu, ranar da aka ɗauki samfuri da ranar da aka sanar, na kuma daina kallon lambar yini guda. Juma'a da Asabar gwaji yakan ragu, don haka sai in tara na kwana bakwai in raba bakwai. Na fi sa ido a kan masu jinya a sashen kulawa ta musamman, don gadon asibiti ba ya jiran wani ya yi niyyar zuwa gwaji.

A Janairun 2022 nau'in Omikron ya bazu, sababbin kamuwa suka doshi 6,000 a rana, sun zarce na Yunin 2020. Rukunin dangi ya rikice, ana ta ambaton sunana, dakta me ake ciki. Yatsana har ya hau maɓallin ɗaukar murya, wannan karon don in tsorata su. Na sauke. Na ce kowa ya sa takunkumi, wanda bai karɓi allura ta uku ba ya nema a manhajar Sehhaty ta ma'aikatar lafiya, sauran magana su ba ni mako uku. Mako ukun ya cika, mace-macen ba su wuce 'yan ƙalilan a rana ba, don yawancin jama'a sun yi rigakafi tun da aka fara a Disambar 2020, wasu kuma sun riga sun yi cutar sun tashi. Abin da na tura musu a ƙarshe layi biyu ne a rubuce, da kwanan wata a kai.

Kawu ya kamu a Yulin 2020, ya yi kwana goma sha ɗaya a asibiti, ya fito da sanda. Bai taɓa cewa saƙona ne ya sa ya saki jiki ba, ni ma ban taɓa samun ƙarfin halin tambayarsa ba. Amma bai goge shi daga wayarsa ba. Duk sallar da muka je gaishe shi, bayan an ci tuwo an kawo shayi, sai ya laluba aljihu ya ce wa jikokinsa su yi shiru, ya kunna, muryata ta cika falon tana ta bayani da gadara. In ta ƙare ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "To Malam Lissafi, bana ɗaya cikin nawa ne?"