Ko an ƙara albashi, aikin na waye?

Da an ce gurguzu sai mutane su ɗauka maganar rabon dukiya ce kawai, alhali Karl Marx, a rubutun da ya yi a Paris a 1844 yana ɗan shekara 26 (ba a ma buga shi ba sai 1932), abin da ya fi damunsa shi ne yadda ma'aikaci ke zama baƙo a aikinsa. Kai ka yi abu da hannunka amma ba naka ba ne, ba kai ka tsara yadda za a yi shi ba, na kusa da kai ya koma abokin gasa, kuma ba ka jin kanka mutum sai an tashi aiki. Har cewa ya yi ƙarin albashi kaɗai tamkar kyautata wa bawa lada ne, yana nan dai a bawansa.

Kafin shi akwai Charles Fourier na Faransa, shi kam mafarki ya sha, wai a riƙa canza wa mutum aiki duk bayan awa biyu don kar ya gundura, kwasar shara kuma a bar wa yara tunda dama suna son wasa da datti. Abin dariya ne amma fa tambayar da ya hango babba ce, aikin da kowa ke gudu wa zai yi shi?

Inda nake da ja shi ne masu cewa da gwamnati ta karɓe masana'antu shikenan an gama. A Rasha ta 'yan gurguzu shugabansu Lenin da kansa a 1918 ya ce a koyi tsarin Taylor, Ba'amurken nan mai auna motsin lebura da agogo, a 1935 kuma aka yi ta kambama wani lebura mai suna Stakhanov wai ya haƙo tan 102 na kwal a zubi ɗaya, sai aka ɗaga wa sauran ma'aikata adadin da za su cika. Maigida ya canza, mai ɗaure kusoshi kuma har gobe ba a tambayarsa ra'ayi.

Ni gaskiya Marx na tsufa ya fi kwanta min. A rubutunsa da abokinsa Engels ya fitar a 1894 ya yarda cewa aikin dole ba zai ƙare ba a kowane irin tsari, sai dai masu yinsa su tsara shi da kansu kuma a rage awoyinsa. Robert Owen na Birtaniya ma tun 1817 yake kiran a riƙa aikin awa 8 a rana.