Lambun bayan gida a Zariya: kowane iri da lokacinsa

Shekara shida ke nan ina noman kayan miya a ɗan filin da ke bayan gidanmu a Tudun Wada, kuma asarar da na fi yi a farko ta zo ne daga rashin sanin lokacin da kowane iri yake so. Na taɓa dasa tumatir a watan Yuli, ina ganin ruwan sama zai hutar da ni jan guga, amma kafin ƙarshen Agusta ganyen ya yi baƙi, furen ya kakkaɓe, ɗan abin da ya haifa kuma ya ruɓe a jikin uwar.

Daminar Zariya takan kama daga Mayu zuwa Oktoba, ita ce kuma ta dace da kuɓewa, rama, yakuwa da alayyahu. Tumatir, latas, karas, kabeji da albasa sun fi son sanyin hunturu, shi ya sa masu lambu a fadamar kogin Galma suke dukufa da zarar ruwa ya ɗauke. Yanzu nakan zuba irin tumatir a Oktoba, in lulluɓe shi da busasshiyar ciyawa har ya tsiro, sannan bayan mako uku ko huɗu in dasa da yamma, ina barin tazarar santimita 50 tsakanin shuka da shuka. Dashen tsakar rana yana sa su yaushi, wasu ma ba sa farfaɗowa.

Ƙasarmu takan yi tauri idan ta bushe, don haka tana buƙatar takin gargajiya, amma wanda ya ruɓe sosai. Ɗanyen kashin kaji yana ƙone saiwa, shi ya sa nake tara shi in yayyafa ruwa, in bar shi kamar wata biyu. Ban ruwa kuwa a gindi nake yi, da sassafe.

Duk wanda ya ga tsadar tumatir a 2016, lokacin da ƙwaron nan Tuta absoluta, wanda manoma suke kira sharon, ya cinye gonakin jihar Kaduna, ba zai yi wasa da duba bayan ganye ba. Ganyen da na ga tsutsa ta yi wa zane a ciki nakan cire shi in ƙone, sannan in fesa ruwan dakakkun 'ya'yan darbejiya da suka kwana a jiƙe.

Wajen ɗiba ma akwai lokaci. Kuɓewa ba ta jira, domin idan ta wuce kwana biyu ko uku sai ta ƙosa ta yi tauri, uwar kuma ta rage haihuwa. Alayyahu ba na tuge shi, yanka nake yi da wuƙa in bar kututturen da ya kai tsawon yatsa, ya sake tohowa sau biyu ko uku. Tumatir kuma nakan tsinke shi da ya fara nuna, ya ƙarasa ja a inuwa cikin faifai, kafin tsuntsaye su riga ni.